Kaset ɗin da na aiko daga Sabha

Dogo Tebo, Potiskum.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke jirginku lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin masauki. Na ce wa mahaifiyarka ta cusa ta ƙarƙashin ƙullin yaji, don na san duk abin da za ka manta da shi a cikin jakar nan, ban da yaji.

Ba labarin gida zan ba ka ba, jiya-jiya ka baro shi. Na kuma san za ka yi mamakin ganin rubutuna, ni da nake cin abinci da baki. Dalilin shi ne ban yarda da bakin nan nawa ba. Tun ina saurayi nake dillancin shanu a kara, in na buɗe shi, kafin in ankara ya gyara magana ya shafa mata mai. Biro bai iya wannan ba, iyakarsa aji uku na sakandare.

Abu ɗaya ya zaunar da ni rubutun nan, shi ne yayanka Habu, ɗan ƙanena Sale, wanda ya tashi a hannuna tare da ku. Tun ranar da bizarka ta Saudiyya ta fito ya rage zama cin abinci da mu. Kai kana da fasfo, kana da kamfanin da ya ɗauke ka, kana da lasisin tuƙin babbar mota. Shi ba shi da ko ɗaya, kuma hanyar da ta rage wa marar takarda ita ce ta hamada. Na ji a bakin wani makanike cewa ya fara neman mai sayen kekensa mai ƙafa uku. Ga mata, ga 'yar jaririya. Abin da za ka riƙa aikowa gida daga can shi zai sa ya tafi ko ya zauna. Ka riƙe wannan a ranka. Zan fara da ƙananan kurakuraina, don babban ba ya fitowa da sauƙi.

In an tambaye ni abin da ya kai ni Libiya, cewa nake yi talauci. Amsa ce mai kyau, ba mai ƙara tambaya a bayanta. Akwai gaskiya a ciki kuma: damina ta yi ta gardama a shekarun nan, makiyaya suka yi kudu da dabbobinsu, kasuwa ta yi sanyi har dillalai suka so su fi shanu yawa. Amma ban taɓa kwana da yunwa a gidan kakanka ba. Takalmi ne ya kore ni daga garin nan. Wani da muka yi firamare tare a Yerimaram, wanda ni nake ba shi amsa a aji, ya dawo daga can da sau-ciki mai ƙyalli da rikoda mai bakin kaset biyu. Ya shigo kara gaishe mu yana ɗaga ƙafa yana tsallake kashin shanu, dattawan da kullum nake durƙusa wa suka matsa suka ba shi wuri a benci. Ni ina tsaye da igiya a hannu, ƙafata duk taɓo. Ba a yi wata biyu ba na kama hanyar Agadas.

Kai dalilinka ya fi nawa nauyi, na sani. Ka yi karatu aiki bai samu ba, ka koma tuƙi, tirela sai ta yi mako a tsaye ba lodi. Duk da haka, ka zauna kai kaɗai ka tambayi kanka nawa ne na buƙata a cikin tafiyar nan, nawa ne na benci. Wanda buƙata ta fitar yana iya gane ranar da ta biya, ya dawo. Na ga waɗanda benci ya fitar, har yau suna can, furfura ta cika musu kai, suna jiran su tara abin da zai sa a tashi tsaye in sun shigo.

Ka san yadda muke yi a kara. Baƙo ya zo da shanunsa daga Gaidam ko daga Nijar bai san kowa ba, sai ya sauka wurin fatoma ya miƙa masa igiya. Fatoma ya ba shi ɗaki da abinci, ya tsaya masa wajen ciniki, in rigima ta taso shi ne a gaba. Ba takarda, ba shaida. A cikin wannan na girma, har na ɗauka haka duniya take. Da na isa Sabha, a tasha na ji wani yana Hausa irin tamu, har da karyewar harshen Karekare. Ya tambaye ni unguwarmu, ya ambaci sunan mahautan da na sani, ya kai ni masauki ya sa aka kawo shayi. Da ya ce in kawo fasfo ya adana mini saboda 'yan sanda, ko daƙiƙa ban yi ba na miƙa, kamar yadda ake miƙa igiya. Kwana uku bayan nan ya kai ni gonar wani Balarabe a bayan gari, fasfon kuma ya koma aljihun mai gonar. Wata goma sha ɗaya ban taka bakin titi ba.

Abin da ban lura da shi ba shi ne, fatoman Potiskum ba don tsoron Allah kaɗai yake riƙe amana ba. Yana da gida a garin, yana da 'ya'yan da za a aura, in ya cuci baƙo ɗaya, Laraba mai zuwa, ranar kasuwarmu, ba mai sauka wurinsa. A can babu Laraba mai zuwa. Kullum sababbin baƙi mota ke saukewa, ba su san abin da aka yi wa na jiya ba. Ban ce ka guji 'yan gida ba, su za su yi jinyarka in ka kwanta. Amma Hausar mutum ba shaidar halinsa ba ce. Kamfani zai karɓi fasfonka don yi maka igama, wato takardar zama, wannan dole ne. Ka ɗauki hoton kowane shafi a waya ka turo wa ƙanwarka, ka tambayi ranar da za a dawo maka da shi, in ranar ta wuce ka je ka gaishe su ka tambaya, gobe ma ka koma. Da fara'a, ba da faɗa ba. Ka dai zama mutumin da ya fi sauƙi a sallame shi da a riƙe masa abu.

Na biyun ya fi ban dariya. Dillali ba ya cewa bai sani ba. In mai saye ya tambaye ka shekarun sa, ko ba ka buɗe bakinsa ba sai ka ba da amsa, don in ka yi jim ya wuce wurin na gaba. Ranar da mai gonar ya nuna mini injin ban-ruwa ya tambaya da hannu ko na iya, sai na buga ƙirji. Ni da ban taɓa tayar da ko injin markaɗe ba. Na bar shi yana aiki ba ruwa a cikinsa har ya yi hayaƙi ya tsaya. Ciyawar kadada guda ta bushe, na sha mari a gaban mutane, ni da gemuna. Wani ɗan Sudan da ke aiki a wurin ya gaya mini daga baya cewa da na ce ban iya ba, shi za a sa ya koya mini, kuma aikin yini ɗaya ne. Kai za a ba ka motar da ba ka taɓa hawa irinta ba, a kan titin da ba ka san dokarsa ba. Ka ce a nuna maka. A kasuwarmu mai tambaya shi ake yi wa wayo, a wurin aikin mutane kuwa mai tambaya shi ake bar wa makulli.

Akwai kuma maganar zama da mutanen gari. Wannan ita ce ke ba ni haushi in na tuna, don na fi kowa sanin amfaninta. A kara ina gaisuwa da Fulatanci, ina taya sa da Barbarci, ina zolayar Bolawa da Ngizimawa da harshensu, duk don ciniki ya faɗa. Amma na yi shekara uku a ƙasar mutane ban iya haɗa jimla biyar ta Larabcinsu ba. Da farko na ɗauka na makarantar allo zai ishe ni, na je sayen burodi na jawo wa mai shago wata magana kamar mai jan baƙi, ya kira maƙwabcinsa ya ce in sake. Daga ranar na yi zuciya. In an tashi aiki sai ɗakinmu na 'yan Najeriya, mu dafa shinkafa, mu zagi Larabawa da Hausa, mu yi gardamar wane gari ya fi wani shanu.

Dubi Oga Emeka mai kayan gyaran mota na bakin tasha. Ya zo garin nan ba ya jin ko zo. Yau in ya yi maka Hausa ta waya sai ka rantse a Dogo Tebo aka yanke masa cibiya. Ranar rasuwar kakarka yana kan tabarma tun safe, yana amsa gaisuwa kamar ɗan gida, ga shi Kirista. Shi ya sa a shekarun tashin hankali da ya kwashe iyalinsa ya yi kudu, maƙwabta suka tsare masa shago, ya dawo ya tarar ko ƙusa ba ta ɓata ba. Mutumin nan bai bar cocinsa ba, bai bar abincinsu ba, ya dai shiga cikin mutane. Ka koyi gaisuwarsu da sunayen abincinsu, ka san sunan mai shagon unguwarku. Za a raina ka saboda fatarka, wannan ba makawa, har yaro ƙarami zai kira ka da sunan da ba za ka so ba. Kada ka mayar, kada kuma ka kwaso shi ka kai ɗaki ka yi ta juya shi. A cikinsu akwai mutanen kirki. Matar mai gonar da ya mare ni ita ta sa aka mayar mini da fasfona.

To, yanzu babban.

A zamaninmu ba waya. Mai son aika saƙo gida sai ya sayi kaset ya ari rikoda ya yi magana, a ba mai dawowa ya kawo. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na zauna yin nawa. Mu shida ne a ɗakin, ɗakin ajiyar inji ne, muna kwana a kan buhunan taki. A lokacin ina da ciwon da ya ƙi warkewa a ƙafa, fasfona kuma bai dawo hannuna ba. Na danna rikoda, bakin nan ya kama aikinsa.

Ban yi ƙarya zalla ba. Dillalin kirki ba ya ƙarya zalla, yana dai tsayar da saniya ta gefen da ba tabo, ya tsaya a jikin ɗaya gefen yana ba da labari. Na ce kullum da nama muke cin abinci. Gaskiya ne, kai da ƙafa da mahauta ke zubarwa muke kwasowa. Na ce wutar lantarki ba ta ko ƙiftawa. Gaskiya ne, saboda inji ake barin ta, ba saboda mu ba. Na ce aiki yana neman mutane. Na ce hanya kwana kaɗan ce, in ka saba zuwa Legas a bayan tirelar shanu ba abin da za ta nuna maka. Ban ambaci jarkar ruwan da ta ƙare mana ba, ban ambaci mutum biyun da muka rufe da yashi a gefen mota ba. Abokan ɗakina suna toshe baki suna dariya, ɗaya yana kaɗa cokali a kofin shayi don a ji kamar muna cikin daula. Da zan rufe na gai da kowa da sunansa, da na zo kan ƙanena sai na ce: "Sale, da kana nan da ka ga duniya."

Don mutanen benci na yi kaset ɗin. Na so a kunna shi a zaure, labari ya kai kara. Ya kuwa kai. Abin da ban lissafa ba shi ne Sale yana zaune a zauren. Tela ne, marar magana, bai taɓa wuce Bauchi ba, bai daɗe da aure ba, matarsa na da cikin Habu. Duk abin da na faɗa tun muna yara yana ɗauka kamar karatu. Bayan babbar Sallah ya sayar da keken ɗinkinsa ya ce zai bi yayansa. Wani mutumin Gashuwa ya gan shi a Dirku, can cikin hamada gaba da Agadas, yana hawa mota. Daga nan ba wanda ya sake ganinsa. Ni ban ma san ya taso ba sai da takarda ta zo daga gida bayan wata biyar, ana tambaya ko Sale ya saba da wurin.

Na bi tasha-tasha, na bi gidajen da ake tsare mutane, na tambayi direbobi. Da na gaji na dawo gida. Kakarka ba ta taɓa tambayata komai ba. Duk shekara dai in an yi layya sai ta soya kason Sale ta ajiye a kwano, har ta rasu. Ni kuma duk wanda ya yi mini jaje sai in ce yaro ne mai gaggawa, da ya shawarce ni da na hana shi. Na faɗi haka sau da yawa har na kusa yarda. Ko mahaifiyarka haka ta sani. Na riƙe Habu, na yi masa makaranta, na yi masa aure, mutane suna yabona a kan zumunci, ina amsawa.

Makon jiya na tare Habu da kekensa a bakin layinmu ya kai ni kara. Akwai fasinja biyu a baya, ɗaya mahauci ne da ya san ni. Muna tafiya ya taɓa wayarsa, sai na ji wani saurayi yana magana a lasifika, yana dariya, ana kaɗa cokali a kofi. Sai da aka ambaci sunan kakarka na gane muryata ce. Ashe mahaifiyarsa, da ya je gaishe ta a Fika, ta ba shi akwatin ubansa, kaset ɗin na ciki. Ya kai wa masu gyaran waya suka juye masa a memori.

Ya waiwayo yana murmushi ya ce, "Baffa, ashe kun ji daɗinku a can. Wannan nake kunnawa duk ranar da gari ya yi mini zafi."

Mahaucin ya ce lallai Alhaji an sha duniya. Ka san abin da na ce? Na ce, "Ƙwarai kuwa, lokaci ne." Kafin in yi tunani bakin ya riga ya sallama. Na sauka a ƙofar kara, ranar ko akuya ban sayar ba. Shekara kusan talatin, kaset ɗaya yana shirin cin mutum na biyu a gida ɗaya, kuma da aka ba ni dama in tsayar da shi sai na ƙara masa gishiri saboda idon mahauci.

Ga abin da nake roƙonka, roƙo kuma nake yi, ba umarni ba. Za ka isa wurin da ke da dogayen benaye da motocin da ba ka taɓa gani ba, hannunka zai yi ƙaiƙayin ɗaukar hoto a gabansu. Kowa yana yi. Kafin ka turo wannan, turo ɗakin da kake kwana, a ga gadaje nawa ne a ciki. Faɗi ƙarfe nawa kake tashi, ƙarfe nawa kake dawowa, yadda rana take a kan titi, ranar da aka yi maka tsawa ba ka da bakin ramawa. In ka haɗu da waɗanda suka shigo ba takarda, za ka haɗu da su, ka gaya wa Habu yadda suke rayuwa, yadda suke canza hanya in sun hango motar 'yan sanda, yadda ba sa iya zuwa asibiti.

Kada kuma ka karkata ɗaya gefen ka yi ta kukan wahala. Habu ba wawa ba ne, zai ce ka samu wuri kana rufe ƙofa, kuma ranar zai tafi. In ka samu alheri ka faɗa, daidai yadda yake, ka kuma faɗa masa takarda ce ta kai ka gare shi. In yana son fita, ka taimake shi ya yi lasisi, ya yi fasfo, ya jira ta ƙofa ko da shekara biyu za ta ɗauka. Ka zagaya da saniyar a gabansa ya ga kowane gefe, sannan ya yanke da kansa. Kuma ka tuna ya girme ka. Yana jin nauyin a ce ƙaninsa ya riga shi, ka yi masa magana a matsayin yaya, ka riƙa neman shawararsa ko a kan abin da ka sani.

Mahaifiyarka za ta so ta ji lafiya lau kullum. Ka ba ta lafiya lau ɗinta, amma kada ya zama shi kaɗai ke isowa gidan nan, don wayarta a tsakar gida ake kunna ta.

Saura nawa kason. Ranar Alhamis, in hayaniyar kasuwa ta lafa, zan kira Habu zaure in ce ya kunna muryar nan. Zan riƙa tsayar da ita jimla-jimla ina gaya masa abin da ke ɗaya gefen, har mu zo inda na kira sunan ubansa. Mai yiwuwa daga ranar ya daina ce mini Baffa. Yana da gaskiya in ya yi haka. Na fi son ya ƙi ni yana Potiskum.

Amma na san kaina, shi ya sa na rubuta maka. In ka kira ranar Juma'a, kafin ka tambayi lafiyata, tambaye ni ko na yi. In ka ji na fara cewa ai baƙi ne suka zo, ko ai yaron bai samu zama ba, kada ka ja da ni. Ka ce a ba Habu wayar, ka karanta masa takardar nan tun daga sama.

Allah Ya tsare ka a kan titunan mutane, Ya haɗa ka da shugabanni masu tausayi da maƙwabta na gari. Ya ba ka halal mai albarka, Ya kare ka daga ciwo a inda ba naka. Ka riƙe sallah a kan lokaci, in ka samu zuwa Ɗaki mai alfarma ka yi wa kakanninka addu'a, ka yi wa Sale, a duk inda ƙasa ta rufe shi. Allah Ya dawo mana da kai da ƙafafunka, Ya sa mu gana da alheri.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka.